Sunan da Ba Ya Kan Takarda

"Malama, don Allah tsaya. Minti biyu kawai."

A bakin famfo Akawu ya tare ta, bokitinta bai ko kai rabi ba. Ya sha farar riga mai dogon hannu, yana ɗaga ƙafa ɗaya bayan ɗaya kada ruwan tsakar gida ya taɓa masa takalmi. A wannan tsakar gidan hayar ya yi rarrafe, a nan ya ci ƙasa, amma tun da ya samu kujera a ofis yake shigowa kamar wanda aka aiko duba kwata.

"Iya za ta ce ki karanta mata wannan," ya ce, yana miƙo wata ambulan. "Ta ce ba ta yarda da karatuna ba, sai naki."

"To in karanta mana. Me ya yi zafi?"

Malama ta goge hannu a zaninta, ta ɗora tabarau a hanci. Takardar haihuwa ce, sabuwa fil, ta 'yar da matarsa ta haifa makonni biyu da suka wuce. Ta bi layukan da yatsa har ta kai gurbin suna, sai yatsan ya tsaya. Sunan surukarsa ne a wurin.

"Wannan ai ba shi ka faɗa wa uwarka ba."

"Na sani, Malama."

Duk gidan an san abin da ya faɗa mata, don a gaban mutane ya faɗa. Uwarsa, Iya Mai Guga, shekara arba'in tana ɗakin ƙarshe kusa da banɗaki, talatin daga ciki bango ɗaya ne tsakaninta da Malama. Ba 'yar birni ba ce. Daga wani ƙauye ta fito mai suna Dalaina, wanda aka tashi mutanensa lokacin da aka gina madatsar ruwa. Ruwa ya hau kansa har ya rufe kan bishiyoyi. A ƙarƙashin ruwan nan uwarta take kwance, da mijinta, da 'yarta ta fari. Akawu kaɗai ta fito da shi, a goye. Ƙauyen ba ya kan taswira, ba motar da ke kiran sunansa a tasha, in ka ji shi to a bakin Iya ne, tana guga tana zance da kanta. Da ciwon zuciya ya kwantar da ita, ƙafafunta suka kumbura, aka zo mata da albishir ɗin jika mace, abu ɗaya ta roƙa. Ta ce a sa wa yarinyar Dalaina, ko sunan ya samu wanda zai riƙa amsa shi. Akawu ya durƙusa ya ce an gama.

"Malama, ki duba lamarin nan," ya ce, ya rage murya. "Mutum ce fa, ba allon bakin titi ba. Gobe ta shiga makaranta a tambaye ta ina ne wannan, ta ce me? Garin da kifi ke kwana a ciki? Ke da kanki kin sha raba ni da yara a aji uku, suna ce min ɗan ƙarƙashin ruwa."

"Na tuna. Kuma ba ka mutu ba."

"Ita ma uwar yarinyar ta ce sam. Kuma tana da hakki."

"Tana da shi. To ka shiga ka gaya wa Iya haka. Baki gare ka."

Ya kalli ƙofar ɗakin uwarsa. "Ta tafi tana fushi da ni? Kin san tun da na bar gidan nan ba ta taɓa buɗe baki ta sa min albarka ba, sai dai ta ce Allah ya kiyaye hanya. Likita ya ce kwanaki ne. Kalma ɗaya ce, Malama. Ki bar ta ta tafi da farin ciki."

Malama ta miƙa masa takardarsa, ta ɗauki bokitinta da ya cika har yana zuba. Shekara talatin da biyar ta yi tana koyarwa, ta zane yara da yawa a kan ƙaryar da ba ta kai wannan ba, kuma a ranta ta riga ta gama cewa in aka ba ta takardar abin da ke ciki za ta karanta, kowa ya ji da kansa.

Ɗakin Iya ƙarami ne, rabinsa teburin guga ya cinye. Tsohon bargon da ke shimfiɗe a kan teburin duk tabon ƙuna ne, dutsen gugar yana gefe da tokar gawayin ƙarshe a cikinsa. A jikin igiya akwai riguna huɗu na mutane, a goge, masu su sun ji nauyin zuwa karɓa. Ɗakin na warin man zafi. Iya tana kan gado an tokare ta da matasai uku, don in ta kwanta sosai numfashi gagararta yake. Matar Akawu na zaune a bakin kujera da jaririyar a hannu, jakarta a kafaɗa ko sauke ta ba ta yi ba.

"Yauwa, ga Malama," Iya ta ce, tana hutawa tsakanin kalmomi. "Zo ki karanta min. Wannan yaron, tun yana ƙarami in ya yi ƙarya ko idonsa ba ya rawa. Ke ce ba ki taɓa yi min ba."

Akawu ya yi 'yar dariyar da ba ta kai ciki ba, ya miƙo ambulan ɗin.

Malama ta fara daga can sama. Ta karanta lambar takarda, ta karanta ranar haihuwa da wata da shekara, ta karanta sunan uba da sana'arsa, sunan uwa, har sunan ma'aikacin da ya sa hannu. Ba ta bar komai ba sai layi ɗaya.

"Duk na ji," Iya ta ce. "Sunan fa?"

Malama ta ɗago. Iya ta zuba mata ido, bakinta a ɗan buɗe. Hannayenta na kan bargo, sun kumbura har zoben azurfar da ke yatsanta ya nutse cikin nama. Da waɗannan hannayen ta yi wa Malama jinya wata biyu lokacin da aka yi mata aiki, da su ta goge wa Akawu kayan makaranta har ya zama abin da ya zama. Malama ta buɗe baki da niyyar faɗin abin da ke rubuce.

"Dalaina," ta ji kanta ta ce.

"Sake faɗa."

"Dalaina."

"Da hatimin gwamnati?"

"Da hatimi, Iya."

Iya ta lumshe ido, ta yi wata dariya da ta koma tari. Da tarin ya lafa ta ce, "Su suka shafe shi. Ga shi yau sun rubuta shi da hannunsu." Ta miƙa hannu aka ɗora mata jaririyar a ƙirji, ta kira sunan sau uku a kunnenta. Matar Akawu ta mai da ido kan taga.

Sannan Iya ta ce ɗanta ya matso. Ya durƙusa a gaban gadon, wandon ofis a kan siminti, ta dafa kansa da hannu biyu. Duk albarkar da ta riƙe shekara da shekaru ranar ta sake ta. Ta ce ta yafe masa nonon da ya sha, ta yafe masa kwanakin da bai zo ba, Allah ya ba shi 'ya'yan da za su yi masa abin da ya yi mata yau. Akawu ya kifa kai a gefen katifa yana kuka. Abin da ya fi ba Malama haushi shi ne hawayen nan na gaske ne.

Ta ɗauka an gama ke nan. Washegari da hantsi Iya ta ƙwanƙwasa bango da cokali, yadda suka saba kiran juna.

"Ɗauko min littafin nan da ke ƙarƙashin rediyo."

Ƙaramin littafi ne na lambobin waya, duk rubutun Malama ne, don ita ke rubuta mata. Mutanen Dalaina ne da suka warwatsu gari gari. A da sun kai talatin. Duk wanda aka aiko cewa ya rasu sai Iya ta ce a ja layi a kansa, har aka wayi gari saura uku.

"Ki kira su ki gaya musu."

"Iya, ki bari ki ɗan ji sauƙi tukuna."

"Wane sauƙi? Kira min Mai Fito."

Malama ta danna lambar tana addu'ar kada ta shiga. Bugu biyu aka ɗauka. Mai Fito shi ne mai tsallakar da mutane a kwale-kwale tun ƙauyen na bakin kogi, yanzu ya haura tamanin, yana zaune wurin jikokinsa. Iya ta gaishe shi, numfashi ya ƙare mata, ta tura wa Malama wayar.

"Baba, ni ce maƙwabciyarta. Ta ce in gaya maka an yi mata jika mace, an sa mata Dalaina."

Sai tsohon ya tambaya:

"A baki aka sa, ko a takarda?"

"A takarda."

"Ke kika gani da idonki?"

"Ni na karanta mata."

"To alhamdu lillahi," tsohon ya ce. "In dai Malama ce ta karanta, magana ta ƙare. Ta sha ba mu labarinki."

Haka ta kira sauran biyun, wasu tsofaffin mata, ya da ƙanwa, da ke zaune gida ɗaya. Ƙanwar ta yi ta guɗa a waya har sai da Malama ta janye ta daga kunne. Da ta koma ɗakinta ta zauna a bakin gado, ta rasa inda za ta sa kanta. Jiya mutum ɗaya ta yi wa ƙarya, yau sun zama huɗu, kuma wanda ya haddasa abin yana can ofis ƙarƙashin fanka.

Rana ta uku ta shiga da shayi, ta ƙudurta sai ta faɗa. Ta ajiye kofin, ta ja kujera.

"Iya, akwai maganar da nake so mu yi."

"Ni ma akwai," Iya ta ce. Fuskarta ta washe kamar ba ita ba, har ta sa an ɗaura mata sabon ɗankwali. "In yarinyar nan ta yi wayo, ni ba na nan. Uban bai san komai ba, a goye ya fito. Ke za ki gaya mata. Ki ce mata in an sauka daga kwale-kwale akwai hawa, daga nan sai rijiya, ruwanta ko a tsakiyar zafi sai ya kashe miki haƙori. Gidanmu na uku daga rijiyar. Kabarin yayar ubanta yana bayan gidan, wajen gabas, shekararta huɗu ta rasu. Ki ce mata ba a bola aka tsinto sunanta ba."

Ta yi ta zuba, tana tsayawa tana jan iska, har shayin ya huce. Malama ba ta taɓa jin ta yi magana mai tsawon haka ba tun da ta kwanta.

"Ke me za ki ce?" Iya ta tambaya daga ƙarshe.

"Cewa zan yi ko in ƙara miki sukari."

Ranar Alhamis da misalin ƙarfe goma na safe, Malama ta fita ɗauraye kofi, ta tsaya amsa gaisuwar wani da ya zo karɓar rigarsa. Da ta dawo ta tarar da Iya yadda ta bar ta, a jingine, kanta ya ɗan karkata wajen bango. Ta kira ta sau biyu. Sai ta ajiye kofin, ta rufe mata ido, ta zare matasan ɗaya bayan ɗaya ta kwantar da ita sosai, karo na farko cikin wata biyu.

Akawu ya yi abin da ya kamata, ba wanda zai ce bai yi ba. Ya kawo rumfa da kujerun roba, abokan aikinsa suka cika ƙofar gida da motoci. Duk wanda ya yi masa gaisuwa sai ya ce, "Alhamdu lillahi, mun rabu lafiya, ta sa min albarka." Malama na jin sa daga tsakar gida. Sau ɗaya suka yi ido huɗu, ya yi saurin duba wayarsa.

A rana ta uku da azahar baƙi uku suka yi sallama. Wani dogon tsoho ne da sanda, idonsa ɗaya ya yi fari, da tsofaffin mata biyu masu kama da juna, ƙafafunsu duk ƙurar hanya. Ƙaramar tana rungume da wani ƙunshi a ɗaure cikin ɗankwali. Tun asuba suke hanya, mota uku suka canza. Ba sai an gaya wa Malama ko su wane ne ba.

Aka shimfiɗa musu tabarma a ƙofar ɗakin Iya, suka yi addu'a, suka sha ruwa. Matan gida da dangin matar Akawu na zazzaune kewaye. Sai tsohon ya gyara zama.

"Wace ce Malama?"

"Ni ce, Baba."

"Allah ya saka miki. Mun zo gaisuwa, amma ba za mu ɓoye ba, mun zo ganin yarinya. A kawo mana ita."

Matar Akawu ta fito da jaririyar, ta miƙa. Mai Fito ya ajiye sandarsa ya karɓe ta da hannu biyu, ya kusanto da ita wajen idonsa mai gani. Matan biyu suka matso har kawunansu na haɗuwa.

"Dalaina," ƙaramar ta ce, tana taɓa mata kumatu. "Dalaina 'yar gidanmu. Kin ga hancin? Na kakarta ne sak."

"Wa?" Yayar mai jego ce ta tambaya, wata mai faɗin rai da ta zo daga nesa, ba wanda ya gaya mata komai. Dariya ma take yi. "A'a, Inna, kun ruɗe. Ai sunan mamarmu aka sa mata. Ni na raka uban ofishin rajista."

Ana jin ruwa na ɗiga a bokitin wani a bakin famfo. Matar Akawu ta sunkuyar da kai, wata daga cikin matan gida ta tashi ta shige ɗaki. Mai Fito bai nemi a kira uban ba. Ya juyo da idonsa ɗaya ya ɗora a kan Malama, ita kuwa ta rasa abin kallo sai tabarma.

Ya ƙara duban jaririyar, ya tofa mata addu'a, ya miƙa wa uwarta a hankali yana tallafe da kanta. "Allah ya raya ta," ya ce. "Ba ruwanta." Ya lalubi sandarsa. Aka ce su tsaya su ci abinci, ya ce hanya da nisa. A ƙofar gida Akawu na tsakiyar abokansa, ya ɗaga musu hannu daga zaune, bai ma san su wane ne ba.

Malama ta saka mayafi ta bi su. Daga gidan zuwa inda motoci ke tsayawa ba nisa, amma da tafiyar tsofaffi sai da suka ɗauki lokaci. Suka wuce shagon mai walda, suka wuce mai faci. A bakin titi akwai benci ƙarƙashin wata rumfar kwano, matan suka zauna, tsohon ya tsaya dafe da sanda.

"Marigayiya ta sani?" ya tambaya.

"Ba ta sani ba."

"Ta sa masa albarka?"

"Ta sa."

"A kan sunan."

Malama ta gyaɗa kai. "Baba, na ga halin da take ciki ne. Na so ta tafi da sanyin zuciya. Wallahi ba don shi na yi ba."

"Na yarda," ya ce. "Amma shi ya samu."

Wata babbar mota ta wuce ta tayar musu da ƙura. Ya jira ta yi nisa.

"Lokacin da za a tashe mu, an tara mu an zo da takarda. Mu ba mu iya karatu ba. Aka karanta mana cewa za a kwashe mana kaburburanmu, a zaunar da mu wuri ɗaya, sabon garin ma a sa masa sunan namu. Duk muka dangwala yatsa, har da ita, da goyonta a baya. Daga baya muka ji ba ko ɗaya a cikin takardar." Ya share bakinsa da gefen riga. "Wanda ya karanta mana ba baƙo ba ne. Malamin makarantar garinmu ne, mutumin kirki. Da muka tambaye shi, ya ce ya ga ko mun yarda ko ba mu yarda ba ruwan zai zo, shi ne ya ji tausayinmu."

Malama ta mai da ido kan titi.

"Tun daga ranar ba ta ƙara yarda wani ya karanta mata takarda ba," ya ce. "Sai ke."

Motar haya ta tsaya, direban ya leƙo yana tambayar mutum nawa. Malama ta riƙe wa tsohon sanda har ya hau, ta tallafa wa matan ɗaya bayan ɗaya. Babbar ce kaɗai ta ce mata sai wata rana. Aka ja ƙofa aka rufe.

Ta tsaya a bakin titin. Ta tagar motar tana hango ƙaramar tsohuwar a kujerar baya, ta ɗora ƙunshin nan a kan cinya ta dafe shi da hannu biyu, ɗaurinsa ko kwancewa ba a yi ba. Wani ɗan hannun rigar jarirai ruwan hoda ya leƙo ta gefen ƙullin. Motar ta ja a hankali ta shiga cikin sauran motoci.